Yammacin da muka je muka ga abin da ke cikin jikinmu

Mu 'yan ajinmu na sakandare da har yanzu muke zaune a Zariya muna da haɗuwa ta ƙarshen wata, kowa in ya ga dama ya zo da maiɗakinshi, a zuba adashi a ci tsire a watse. A cikinmu akwai wanda yake koyar da ɗaliban likitanci fannin anatomi, wato ilimin sassan jikin mutum, mu dai Dakta muke ce mishi. To a wata haɗuwa sai gardama ta kaure akan inda ƙoda take a jikin mutum, saboda ɗaya daga cikinmu yana ta ƙorafin wai ƙodarshi na ciwo amma yana dafa ƙasan cibiya, wani yace ai a gefen ciki take, wani yace a ƙugu, kowa na nuna wuri daban kuma kowa ya haƙiƙance. Dakta ya jima yana kallonmu sannan yace, duk cikinku babu wanda bai san inda ƙodar ragon layya take ba, ku ke fiɗa da hannunku, amma taku da kuke yawo da ita fiye da shekara 40 ba ku san mazauninta ba. Daga nan ne yace in da gaske muna son gani, akwai ɗakin adana sassan jiki da ake koyar da ɗalibai da shi, gidan tarihi ne sosai amma na jikin ɗan Adam, zai gwada nema mana izini.

Ni ne sakatare don haka aikin a kaina ya faɗo. Kuma ya kamata mutane su sani wurin ba kamar gidan zu ba ne da za ka yanki tikiti a get ka shiga. Sai da na rubuta takarda zuwa ga shugaban sashen, na faɗi su waye mu, me ya sa muke son zuwa, na haɗa da sunayen duk masu zuwa da sana'ar kowa, Dakta ya sa hannu a matsayin wanda ya tsaya mana. An ɗan ɗauki lokaci kafin amsa ta fito, da ta fito kuma da sharuɗɗa ta zo. Manya kawai, ba yaro ko ɗaya ko da goyo ne. Ba ɗaukar hoto ko bidiyo, waya ma a aljihu za ta zauna. Ba taɓa kwalba, ba shiga da abinci ko ruwa. Mai juna biyu da mai asma gara su haƙura saboda warin maganin da ake jiƙa sassan a ciki. Sannan an ba mu ranar Asabar bayan la'asar, lokacin da ɗalibai suka tashi, don kar mu tare musu wuri. Ɗakin da ɗalibai ke fiɗa gawa kuwa aka ce wannan ba namu ba ne, ko leƙe ba za mu yi ba, kuma ni a raina na ga daidai ne hakan.

Kafin ranar sai da wasu suka fara ja da baya, musamman ta ɓangaren addini, wani yace shi fa ya san hadisin da ke cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, to ya za a yi mu je kallon ƙasusuwan mutane. Maganar ba ta wasa ba ce, don haka muka je wajen wani malami a cikin birni muka tambaya. Yace hadisin haka yake, alfarmar ɗan Adam ba ta ƙarewa don ya mutu, amma malamai da yawa na wannan zamanin sun halasta amfani da gawa don koyon likitanci saboda lalura, tunda ba yadda za a yi mutum ya tsaga cikin mai rai bai taɓa ganin yadda cikin yake ba. Yace mu kuma da ba ɗalibai ba, in neman ilimi da wa'aztuwa ya kai mu to mu je da ladabin da muke shiga maƙabarta da shi, in kuwa nishaɗi ne mu zauna a gida. Duk da haka akwai waɗanda suka ce zuciyarsu ba za ta ɗauka ba, ba wanda ya matsa musu.

Ranar muka haɗu a Kwangila bayan mun yi la'asar, masu mota suka kwashi marasa mota. Maiɗakina ta zo, ita da wasu mata, har da wata yayarmu da ta girme mu da muke ce ma Anti, malamar firamare ce. A bakin ƙofa wani dattijo ma'aikacin wurin ya tare mu, shi ke kula da ɗakin shekara da shekaru, Baba kowa ke ce mishi har su Dakta. Ya raba mana takunkumin rufe hanci, ya sa muka rubuta suna a wani babban littafi, sannan kafin ya buɗe ƙofa yace, "'Ya'yana, duk abin da za ku gani a cikin kwalba a nan na mutum ne, yana da uwa yana da uba, an taɓa yi mishi suna an yanka rago. Don Allah ban da dariya, ban da nuni da baki." Wallahi daga nan kowa ya nutsu, surutun da muka taho da shi a mota ya mutu.

Abu na farko da zai tare ka wari ne. Ba ɗoyi ba ne, warin fomalin ne, maganin nan da ake jiƙa sassan a ciki, wani irin kaifi gare shi mai shiga hanci ya sa ido ruwa, ko da takunkumi sai ka ji shi. Baba ya kunna fankoki ya buɗe tagogi yace nan da ɗan lokaci za mu saba, kuma haka aka yi. Ɗakin dogo ne, kantoci na gilashi jere a bango, kwalabe manya da ƙanana kowacce da takarda manne da lamba, a tsakiya tebura da gumakan roba na koyarwa waɗanda ake iya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, can ƙurya kuma kwarangwal a tsaye an rataye shi da ƙarfe.

Ta wajen ƙashi muka fara. Dakta yace babban mutum ƙashi 206 ne a jikinshi, jariri kuwa da fiye da haka ake haifarshi, wajen 270, sai a hankali wasu su haɗe su zama ɗaya, shi ya sa ma ake ganin maɗiga tana motsi a tsakar kan jinjiri, ƙasusuwan kan ne ba su gama haɗuwa ba. Tafin hannu ɗaya da wuyan hannu ƙashi 27 ne, ƙafa 26, wato hannuwa da ƙafafu kaɗai sun kwashe fiye da rabi. Ya nuna mana ƙashin cinya wanda ya fi kowanne tsawo, sannan Baba ya ɗauko wata 'yar ƙaramar kwalba da wani ɗan abu a kan auduga da sai ka matso sosai za ka gan shi, yace wannan ƙashi ne na cikin kunne, tsawonshi wajen milimita 3, in ya daina motsi ji ya ragu. Anti ta tambaya ko gaskiya ne haƙarƙarin namiji bai kai na mace yawa ba, Dakta yace ta zo ta ƙirga da kanta, ta ƙirga 12 a dama 12 a hagu, yace to haka yake ga namiji haka yake ga mace.

Inda na daɗe a tsaye shi ne wajen ƙoƙon kai. An yanke saman an buɗe, Dakta ya ɗaga shi saitin fitila yace mu dubi gefe, daidai tsakanin ido da kunne, sai ga haske yana ratsowa ta wurin saboda tsabar rashin kauri. Ya juya cikin ya nuna mana wani ɗan kwari da ya bi ta jikin ƙashin kamar an zana shi, yace nan jijiyar jini take kwanciya, in mutum ya faɗo daga mashin ya bugu a nan ƙashin ya tsage sai ya yanki jijiyar, jini ya dinga taruwa a cikin kai yana danne ƙwaƙwalwa. Abin tsoron shi ne mutum zai iya tashi ya karkaɗe riga yace lafiyarshi ƙalau, a yi ta hira da shi, bayan wasu awanni ya fara amai da barci, daga nan shikenan. A cikinmu akwai wanda ƙaninshi ya rasu da irin wannan, ya faɗi a mashin da rana ya koma gida da ƙafarshi, dare bai raba ba rai ya yi halinshi, kuma har ranar nan 'yan gidansu ba su gane me ya faru ba. Ya tsaya yana kallon ƙoƙon nan bai ce komai ba sai "Innalillahi". Ni kuma na tuna yadda nake hawa acaba daga Sabon Gari zuwa Samaru kai tsirara, mu duka haka muke, hular kwano sai ka ce abin kunya.

Maganar ɗori ma ta taso, don akwai wani ƙashin ƙwauri da ya karye ya haɗe a karkace, ya yi wani ƙullutu a tsakiya. Dakta bai zagi masu ɗorin gargajiya ba, yace ƙashi da kanshi yake haɗewa in an daidaita shi an hana shi motsi, matsalar ita ce ɗaurin da ake tamkewa da kara har jini ya kasa wucewa, hannu ya kumbura ya yi baƙi, a zo asibiti lokacin da babu abin yi sai yankewa, galibi kuma yara ne. Yace in an yi ɗori aka ga yatsu sun yi sanyi ko sun canza kala ko yaro na ihun da ba ya lafawa, a kwance nan take a nufi asibiti, kar a ce sai mai ɗori ya dawo.

Daga nan ya jera ƙashin ƙugu guda biyu a tebur, na namiji da na mace, na macen ya fi faɗi ƙofarshi ta fi buɗewa. Ya ɗauko kan jariri na roba ya zura ta ciki, muka ga yadda sai ya juya ya karkata kafin ya wuce, da ƙyar, babu wani sarari da ya rage. Matan duk suka matso. Yace to ku ɗauka ƙugun bai gama girma ba, ko kan ya fi ƙarfin hanyar, mace ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki ana ba ta rubutu da jiƙo ana cewa ta yi haƙuri, duk wannan lokacin kan yaron yana matse mafitsara a jikin ƙashi, jini ba ya zuwa wurin, naman ya mutu ya ɓule, shi ne yoyon fitsari. Ana gyarawa, ko a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ana wannan aikin, amma da an kai ta da wuri da ba a kai ga haka ba. Maiɗakina ta juyo ta kalli mazan da ke wurin tace, "Ku kuke hana kuɗin mota ai, ku gani da idonku." Babu wanda ya ba ta amsa don gaskiya ta faɗa.

Akwai wata ƙafa guda da aka fiɗe aka ajiye a doguwar kwalba, an cire fata an bar tsoka da jijiyoyi. Wannan ita ta fi ba mutane tsoro da farko, amma a nan na ƙaru da abin da ban taɓa sani ba. Dakta ya haska tocila ta bayan cinyar ya nuna wata farar jijiya mai kaurin babban yatsa da ta fito daga ƙasan ɗuwawu ta miƙe har bayan gwiwa ta rabu biyu, yace ita ce mafi girma a jiki, ita ke kai saƙo zuwa ƙafa. Shi ya sa ma'aikacin lafiya na gaske in zai yi allura a ɗuwawu sai ya raba wurin gida huɗu a idonshi ya soka a na sama ta waje, nesa da ita. Wanda bai sani ba ya soka a tsakiya ko ƙasa, in ya same ta ƙafa ta saki, yaro ya koma jan ƙafa, a ce shan inna ne ko iska ta taɓa shi. Kai jama'a, nawa ne a cikinmu ba mu kai 'ya'yanmu kemis ɗin unguwa wajen yaron shago ya yi musu allurar zazzaɓi ba? Ni na kai, kuma duk wanda ke wurin ya kai.

Ana nan aka kira magariba, muka fita muka yi alwala muka yi salla a masallacin da ke kusa, iska ta ɗan buge mu. Mutum biyu suka ce su sun ƙoshi za su jira a mota, sauran muka koma.

Zagaye na biyu na kayan ciki ne. Sassan duk sun koɗe sun koma ruwan toka-toka saboda fomalin, ba ja ba ne kamar yadda mutum zai zata. Dakta yace kowa ya dunƙule hannunshi, yace to girman zuciyarka ke nan, nauyinta wajen giram 300, ɗaki huɗu gare ta, tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, tana juya jinin jiki da bai wuce lita 5 ba. Ya ce mana wani likita Musulmi, Ibn Nafis, da ya rayu a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara bayanin cewa jini daga ɓangaren dama na zuciya ta huhu yake bi kafin ya dawo hagu, sai a 1628 Bature William Harvey na Ingila ya fitar da cikakken bayanin zagayen jini. Amma abin da ya kama ni ba tarihin ba ne, zukata biyu ne da aka yanka a tsakiya aka jera. Ɗaya bangonta daidai, ɗaya kuwa bangon hagu ya yi kauri sosai har ramin da jini ke taruwa ya matse. Yace wannan aikin hawan jini ne, shekaru zuciya tana tura jini da ƙarfin tsiya sai tsokar ta yi kauri, daga baya ta gaji ta saki, mutum ya fara haki da kumburin ƙafa, kuma duk shekarun nan mai ita ba lalle ya ji ko ciwon kai ba.

Huhu mun gan shi kala biyu, ɗaya da ɗan haske ɗaya ya yi baƙi dabbare-dabbare. Kowa yace ai na ɗan sigari ne, Dakta yace sigari na yin haka tabbas, amma hayaƙin itace ma yana yi, macen da ta shekara talatin tana hura murhu a kicin marar taga huhunta zai iya komawa haka ba ta taɓa riƙe sigari ba. Hanta kuma girmanta ya ba ni mamaki, wajen kilo ɗaya da rabi, tana dama ƙarƙashin haƙarƙari, kusa da ita aka ajiye wata da ta ƙanƙance ta yi gudaji-gudaji. Wani yace giya, Dakta yace a ƙasar nan sau da yawa ƙwayar ciwon hanta ce nau'in B, wadda ake ɗauka tun wajen haihuwa ko ta aska da reza da allurar da aka yi ma wani, a yi ta cewa shawara ce ana shan saiwa har ciki ya kumbura. Akwai gwaji kuma akwai rigakafi. Ƙwaƙwalwa da hanji da saifa mun wuce su da sauri don dare ya fara yi, abin da na riƙe kawai shi ne ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke juya hagun jiki, na hagu ke juya dama, shi ya sa mai shanyewar ɓarin jiki na dama sau da yawa magana ma take ɗaukewa.

Sai muka zo kan ƙodar da ta jawo tafiyar. Dakta ya kira wanda ya fara ƙorafin, ya juya shi ya dafa bayanshi, sama da ƙugu daidai ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, dama da hagu, yace a nan suke, ta baya. Kowacce tsawonta bai wuce santimita 12 ba, nauyi wajen giram 150, amma a cikin kowacce akwai 'yan matatai wajen miliyan ɗaya, a kwana ɗaya suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini su mayar da kusan duka, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba. Baba ya sa mana wani yanki a madubin ƙara girma muka dinga leƙawa ɗaya bayan ɗaya, sai ka ga wasu 'yan ƙulalai zagaye da ƙananan bututu cunkus, Anti ta ɗago kai tana ta subhanallah. A gefe ga wata ƙoda da aka tsaga da tsakuwa zaune a cikinta ta yi rassa ta cika ramin, ga wata kuma ta motse ta ƙanƙance jikinta duk ƙurji-ƙurji, bai fi rabin lafiyayyar ba.

Akan wannan motsattsiyar Dakta ya daɗe yana magana kuma muryarshi ta canza. Yace manyan masu kashe ƙoda hawan jini ne da ciwon suga, sai kuma abin da muke ɗura ma kanmu, magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum ba ƙa'ida, da haɗin ƙwayoyin da masu talla ke ƙullawa a leda su ce na gajiya ne, da jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san me ke ciki balle adadinshi. Yace ƙoda ba ta kuka da wuri, za ta iya rasa fiye da rabin aikinta kana harkarka, ranar da fuska ta fara kumbura da safe an riga an yi nisa. Daga nan sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a sati, kowane zama wajen awa huɗu a jikin inji, ga kuɗin da ke cinye gona da gida. Kowa a wurin ya san wani da aka yi ma karo-karo a masallaci ko a Facebook don wankin ƙoda, amma sai ranar na ga abin da ake magana a kai da idona, ɗan abu ne da zai zauna a tafin hannu. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, don a garin nan muke da Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ta buɗe tsangayar likitanci tun 1967, ga asibitin koyarwa a Shika, likitocin da aka yaye a nan sun cika ƙasar, amma mu da ke maƙwabtaka da wannan ilimin mai tallan magani da lasifika a tasha shi ke koya mana jikinmu.

Kanta ta ƙarshe ita ce ta 'yan tayi. Baba ya tsaya a gabanta yace duk macen da ta san ta taɓa ɓari ko ta rasa jinjiri in ba za ta iya ba ta zauna a can, ba laifi. An jera su daga ɗan mitsitsi har wanda ya kusa haihuwa. Na wata uku tsawonshi bai wuce ɗan yatsa ba amma ga yatsun hannu nan a rarrabe, ga kunne, ga haƙarƙari ana hangowa ta cikin fata. Dakta yace zuciya tana fara bugawa tun cikin sati na huɗu, kuma a wannan watan na farko ne lakar baya da ƙwaƙwalwa ke rufewa, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta samu ba, shi ya sa ake son ta fara shan folik asid, wani bitamin da ke taimaka ma wannan rufewar, tun kafin cikin ya shiga, ba sai ya fito an je awo ba. Wani a bayana ya fara karanto ayoyin farkon Suratul Muminun a hankali, inda aka jero halittar mutum daga ɗigon maniyyi zuwa gudan jini zuwa tsoka, sannan ƙashi, sannan a tufatar da ƙashin da nama. Ɗaya daga cikin matan ta fashe da kuka, Anti ta rungume ta suka fita.

Kafin mu tafi na ja Baba gefe na tambaye shi waɗannan mutanen su waye. Yace galibi gawarwakin da suka daɗe a ɗakin ajiyar gawa ne ba a samu danginsu ba, hukuma ta ba da su ta hanyar doka, wasu sassan kuma an ciro su ne wajen tiyata, wasu kwalaben ma sun girme shi a aikin. Yace shi kullum in ya buɗe ɗakin sai ya yi musu addu'a, don duk likitan da ya taɓa yi ma wani naka aiki ya tashi, a jikin irin waɗannan ya fara koya. Muka tsaya gaba ɗaya muka yi musu addu'a kafin ya kashe fitilu, muka wanke hannu da sabulu a famfon waje, na sake sa hannu a littafin cewa mun fita lafiya ba abin da ya fashe.

An shirya za a wuce wajen mai tsire amma ba wanda ya iya, sai muka zauna wajen mai shayi a Samaru bayan isha, warin fomalin na nan a rigunanmu har muka je gida. A teburin nan aka yanke shawarar cire kuɗi daga asusu a sayi na'urar awon hawan jini da ta suga, duk haɗuwar wata kafin a zuba adashi sai an auna kowa, mata da maza, sannan kowa ya je ya yi gwajin ciwon hanta ya kawo sakamako. A haɗuwar da ta biyo baya an auna, Dakta yace daidai shi ne wajen 120 bisa 80, duk wanda ya kai 140 bisa 90 ko ya haura kuma aka sake aunawa wata rana ya ƙi sauka to ya ga likita. Mutum huɗu suka haura, ciki har da ni, kuma a cikin huɗun ɗaya ne kawai ya san yana da shi. Yanzu ina kan magani na rage gishiri da magi, ledar haɗin da ke cikin durowar shagona kuma na zubar.

In ƙungiyarku ko majalisarku na son irin wannan ziyarar, ku nemi wani malamin fannin ya tsaya muku, ku rubuta takarda da wuri ku jira amsa, kar ku yi yawa don ɗakin ba ya ɗaukar taro kuma bayanin sai an matso ake ganewa. Ku ci abu mara nauyi kafin ku je, ku sa kayan da za ku wanke a daren, kowa ya rubuto tambayoyinshi a takarda don in ka shiga mantawa kake, sannan ku je da matanku, su suka fi mu tambaya mai amfani a ranar.